Labarin jarida bai isa a yanke wa ma'aikatan gaggawa hukunci ba

Malam, ka tambaya ko labarin da ka karanta, na mutumin da ya yi hatsari a hanyar Daura aka kawo shi asibiti a Katsina ya cika bayan awa biyu, ya isa a ce ma'aikata sun yi sakaci. Bai isa ba, don abin da ake auna sakaci da shi ba ya fitowa a jarida. Yana cikin fayil ɗin majinyacin: ƙarfe nawa ya iso, ƙarfe nawa aka auna jininsa da bugun zuciyarsa, yaushe aka sa ƙarin ruwa, yaushe aka kira likitan tiyata, shi kuma yaushe ya zo. Ɗan jarida yakan ji daga bakin dangi ne, ma'aikaci kuwa doka ta hana shi fasa sirrin majinyaci.

A sashen gaggawa ba layi ake bi ba. Wanda numfashinsa ya toshe ko jini ke tsiyaya daga jikinsa shi ne gaba, mai karaya yana ihu sai ya jira. Dangi su ga an tsallake nasu, su ce an yi banza da shi.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne zubar jini ta ciki. Idan saifa ta fashe, ko jini ya taru a cikin ƙoƙon kai, mutum zai iya zama yana magana ras, har ya nemi ruwa a hana shi (hanawar daidai ce, saboda yiwuwar tiyata), sannan ya faɗi farat ɗaya. A nan tambayar ita ce: an ci gaba da auna shi a kai a kai? Bugun zuciya na hawa, awon jini na sauka, tafin hannu ya yi sanyi, amma ba wanda ya rubuta ko ya kira likita, to wannan sakaci ne. In an gani, an nemi jini, babu irin nasa a ma'ajiya, ko wuta ta ɗauke a ɗakin tiyata, laifin ya koma kan masu tafiyar da asibitin, ba nas ɗin da ke bakin aiki ba. Ko jinin na nan ma, gwajin dacewarsa yakan ci kusan awa guda.

Abu biyu ne ba su da uzuri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, har da rashin kuɗi. Dokar 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Idan ta tabbata an ce sai an biya ko sai an kawo takarda kafin a taɓa shi, magana ta ƙare.

Dangin da ke zargi su rubuta wa shugaban asibitin su nemi rahoton jinyar, sannan su kai ƙorafi da takardar rantsuwa ga MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, in likita ne. Nas da ungozoma suna da tasu hukumar daban. Sai dai mu nan mukan yi jana'iza a ranar, ba a binciken gawa, kuma rashinsa kan sa a kasa tabbatar da ainihin abin da ya yi sanadin rasuwar.