Sabuwar laftof ɗina ta gem tana kai digiri 95: in bari a canja mata fes?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Sati biyu ke nan da na sayi ASUS ROG Strix G16 mai Core i7-13650HX da RTX 4060, sabuwa dal a kwalinta. Tarin fiye da shekara ne, har babur ɗina na sayar na cika. Damuwata ita ce, da zarar na shiga wasan Warzone ko FC 25, ko minti goma ba a yi sai in ga furosesa ta kai digiri 94 ko 95, wani lokaci har ta taɓa 98, fanka kuma sai ruri take yi. Can saman madannai kusa da allo ma ba ya taɓuwa. Na nuna wa wani mai gyara a kasuwa, ya ce fes ɗin kamfani, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke mata zafi, shi ne ba shi da kyau, in kawo ya buɗe ya kankare ya sa mini nasa, in ba haka ba kafin wata uku za ta ƙone. Wani abokina kuma ya ce in riƙa sa ledar fiya wata mai ƙanƙara a ƙarƙashinta. Wallahi ko barcin kirki ba na samu. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka ba ta kama hanyar ƙonewa ba. Amma ina roƙon ka, kada ka sake ka mayar da ita wajen mutumin nan, kuma kada ka bari kowa ya ɗora sukundireba a kanta.

Intel da kansu sun sa iyakar zafin i7-13650HX a digiri 100. Idan ta kusa wannan iyaka sai ta rage gudu da kanta, idan kuma abin ya wuce misali ta kashe kanta kafin wani abu ya lalace. Furosesar nan wat 55 ce a rubuce, amma tana iya zuƙar har wat 157 na ɗan lokaci idan ta taso, ga katin hoto RTX 4060 a gefe da ke iya cin wat 140 a irin wannan samfurin. Ka tuna tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 da ba a iya taɓa shi in ya jima a kunne. Zafin irinsa biyu ake fitarwa daga akwatin da kaurinsa bai wuce yatsu biyu ba. Masu ƙera su sun tsara ta ne ta yi ta gudu har sai ta tunkari iyakar, sannan ta ja birki. Saboda haka ganin 95 a tsakiyar Warzone ba alamar cuta ba ce. Ƙara da cewa yawancin kamfanoni suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da laftof, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ɗakin da ke da rufin kwano a Zariya ko Kano yana wuce haka da rana. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take jawowa. Sannan sabuwar kwamfuta a kwanakin farko tana fama da sabunta Windows a ɓoye, Warzone kuma yakan ɗora wa furosesa aiki mai nauyi duk lokacin da aka sabunta shi.

Yanzu bari in zo kan maganar fes, don ita ce ta sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taka.

Kusan babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ji wannan magana a shago ba: "Oga, an ce fes ɗin kamfani ba shi da kyau." Wa ya ce? Wani da ya ga bidiyo biyu a YouTube, ya sayi sirinjin farin mai na ɗari biyar, ya kafa teburi. Duk kwamfutar da aka kawo masa, ko lasifika ce ta daina magana, maganinsa ɗaya ne: a canja fes. Abin da ya sa suke son aikin nan a fili yake. Ba ya cin minti talatin, mai kaya ba ya ganin abin da aka shafa, kuma a ranar farko lambar takan ɗan sauka, sai ka biya ka tafi kana godiya.

To ka saurara da kyau. Kwamfutarka ba fes ba ne a kan furosesarta. Tun 2020 ASUS suke sa ruwan ƙarfe a kan furosesar jerin ROG, kuma Strix G16 tana cikinsu. Wannan ruwa gaurayen galiyom ne da wasu ƙarafa, yana nan a narke kamar zaiba, kuma ya fi duk wani fes da ake sayarwa a kasuwa iya ɗauke zafi nesa ba kusa ba. PlayStation 5 ma shi ne a cikinta. Inji ne ke shafa shi a masana'anta daidai gwargwado, sannan a kewaye shi da shinge don kada ya gangara. Dalilin shingen kuwa shi ne ruwan nan yana ɗaukar wutar lantarki. Ɗigo ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba, idan ya faɗa kan ƙananan kayan da ke kewaye da furosesa, ya isa ya haɗa wuta ya kashe bod ɗin, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfutar ke zaune a kai, gaba ɗaya. Idan kuma ya taɓa alminiyom sai ya shige shi ya mayar da shi kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Furosesar laftof kuma a jikin bod take, ba a cire ta a sa wata kamar ta kwamfutar tebur. Ta mutu, bod ya mutu, kuɗin bod kuwa ya kusa rabin kuɗin kwamfutar ko ya fi.

A bazarar da ta wuce wani ɗalibi ya shigo mini da irin taka, wata ɗaya da saye, ko fitilar caji ba ta kamawa. Ya ce zafi kawai take yi ya kai aka canja fes, daga nan ba ta sake tashi ba. Da na ɗaga murfin, noti biyu babu su, ɗaya an murɗe kansa har ya shafe. Na ɗaga bututun tagullar da ke kwashe zafin furosesa, sai ga alamar an goge ruwan ƙarfen da tsumma, an yaɗa shi ko'ina. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga 'yan ƙwallaye masu ƙyalli kamar azurfa, guda huɗu ko biyar, sun maƙale tsakanin ƙafafun ƙananan kayan da ke gefen furosesa, wurin ya yi baƙi. Ko batir ba a cire ba aka yi aikin. Yaron nan ya zauna a kan benci ya riƙe kai, ya ce mahaifinsa bai ma san ya kai ta gyara ba. Ban samu abin da zan ce masa ba, don garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da hannun wani ya yi, kuma duk wanda ya buɗe a cibiyar kamfani kallo ɗaya zai yi ya gane.

A ce ma an yi sa'a ba a haɗa wuta ba. Me aka musanya maka? An cire abin da ya fi kyau an sa maka na banza. Furosesar laftof tsirara take, ba ta da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, kuma girmanta bai fi farcen babban yatsa ba. Tana zafi tana hucewa sau ɗaruruwa a rana, ƙarfen yana buɗewa yana tsukewa, sai fes mai ruwa-ruwa ya riƙa tsiyayewa gefe a hankali. Bayan sati shida ko wata biyu tsakiyar ta bushe, zafin ya dawo fiye da da, ka koma, ya ce ai dama sai an riƙa canjawa duk wata uku. Ka zama kwastoma na dindindin ke nan. Wasu kamfanonin, irin su Lenovo a jerin Legion, suna amfani da wani abu na Honeywell mai suna PTM7950, wanda ke daskare in da sanyi ya narke wajen digiri 45. Ɗan kasuwa in ya buɗe ya gan shi a daskare sai ya ce, "Ka gani ko? Ya bushe!" ya kankare da reza. Alhali lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi, kuma yana shekaru bai tsiyaye ba.

Ban ma yi maganar laushin roba da ƙullu masu ɗauke zafi da ke kan ƙwaƙwalwar katin hoto da masu rarraba wuta ba, waɗanda kowanne da kaurinsa. A yaga su wajen buɗewa, a cike gurbin da fes, a ɗaure noti ba bisa lambobin da aka rubuta a jikin ƙarfen ba, sai ƙarfen ya zauna a karkace: gefe ɗaya na furosesa ya danne, ɗaya yana shan iska. Na taɓa buɗe wata na tarar da makilin, wallahi makilin na goge baki, ya bushe ya zama kamar alli, ƙamshin na'ana'a na tashi. Wata kuma an wanke bod ɗin da fetur da buroshi kamar kaburetar babur.

Ina jin zafin abin nan ne saboda sana'ata ce ake zubar wa mutunci. Mutum ya sayar da babur ɗinsa, ya hana kansa, ya kawo maka kayansa ya ce ga amana. In ba ka san abin da ke ƙarƙashin ƙarfen nan ba, faɗin "ban iya wannan ba" ba ya rage maka arziki. 'Yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah. Kuɗin da aka karɓa ta hanyar tsorata mutum da cewa kayansa za su ƙone nan da wata uku, alhali kai kanka ba ka auna komai ba, ba na halal ba ne, kuma za a tambaye ka. Akwai ƙwararru a kasuwanninmu da na sani, masu cire batir kafin su taɓa komai, masu tambayar ka samfurin kafin su faɗi magani. Waɗannan ba za su taɓa ce maka a buɗe kwamfutar sati biyu ba. Canjin fes yana da lokacinsa, bayan shekara biyu ko uku, garanti ya ƙare, an share ƙura an ga zafin bai sauka ba.

Shawarar abokinka ma ka bar ta. Dubi yadda jikin ledar ruwan sanyi ke yin raɓa. Fankar da ke ƙasan kwamfutar za ta zuƙi wannan danshi ta kai shi kan bod. Haka sa ta a firji.

Ga abin da za ka yi da hannunka a daren yau, ba tare da ka kwance noti ko ɗaya ba. Sauke ta daga kan katifa, kafet ko darduma, don ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗora ta a kan tebur ka ɗaga bayanta da kamar yatsu biyu ko uku, ko da littafi ne a gefe-gefe, kada dai ya toshe ramukan. Wannan kaɗai yakan sauke digiri da dama. Faifan fanka na ƙarƙashi yana taimakawa, amma ɗagawar ce rabin aikinsa. Bar tazara tsakaninta da bango, don ta baya da gefe take fitar da zafi.

Sai ka buɗe Armoury Crate, manhajar ASUS ta daidaita gudu da fanka. Ina kyautata zaton a Turbo kake wasa. Mayar da ita Performance, ko ka danna Fn da F5 har ka kai. In kana son abin da ya fi haka, shiga Manual ka rage wutar furosesa, PL1 (wutar da take ci in aiki ya ɗore) wajen wat 55 zuwa 65, PL2 (wadda take zuƙa na ɗan lokaci) kada ya wuce 80 ko 90, ka ɗan ɗaga gudun fanka. A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗaukar nauyi, ba za ka ga bambancin kirki a ido ba, amma zafin zai sauka. Sannan ka ƙayyade firem, wato yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa. FC 25 ba ya buƙatar firem 200 a daƙiƙa. Tsayar da shi a 60 ko 90 daga cikin wasan ko daga Max Frame Rate a NVIDIA Control Panel. Ranar da zafin gari ya yi tsanani kuma babu wuta balle fanka, shiga tsarin wutar Windows ka mayar da Maximum processor state 99 maimakon 100, hakan yakan hana ta tasowa sama da gudunta na asali. Yi wasa da cajarta ta asali kawai. Da hunturu kuwa ka riƙa rufe ta in ba ka aiki, ka hura ramukan daga waje lokaci-lokaci tana kashe, don ƙurarmu ce ke toshe haƙoran ƙarfen da iska ke bi.

Akwai alamomin da in ka gan su to da gaske akwai matsala: tana zaune ba ka buɗe komai ba amma tana digiri 75 ko 80 a ɗaki mai sanyi, fanka ɗaya ba ta juyawa ko tana karkarwa, tana mutuwa da kanta a tsakiyar wasa, gudunta na faɗowa ƙasa da gigahaz 2.6 ya daɗe a can. Ko kuma manyan ƙwayoyin furosesar guda shida suna aiki iri ɗaya amma tazarar zafinsu ta kai digiri 20, wanda ke nuna ƙarfen bai zauna daidai ba tun daga masana'anta. Ko a nan ma wajen wanda ya sayar maka za ka koma da rasit da kwali, ba teburin kasuwa ba. Tun yanzu ka sa lambar jikinta a shafin kamfanin ka ga ranar da garantin ya fara da ƙasashen da yake aiki, don a kasuwanninmu akan sayar da wadda aka taɓa amfani da ita a kwali a ce sabuwa ce.

Sauke HWiNFO, manhajar auna zafi da gudun kwamfuta, kyauta ce. Yi gyare-gyaren nan, ka yi wasa na minti talatin, sannan ka duba matsakaicin zafi, ba kololuwar da ta taɓa na daƙiƙa ɗaya ba. Ka aiko mini da matsakaicin CPU Package, wato zafin furosesar gaba ɗaya, da yawan wat, da gudun ƙwayoyin, da zafin katin hoto wanda bai kamata ya wuce 87 ba, ka kuma faɗa mini da ƙarfe nawa ka yi gwajin da irin ɗakin da kake ciki.