Amfanin wiwin kasashen sanyi wurin hada iri

Malam ka ce me masu hada iri ke nema a wiwin daji na Rasha da Saberiya, alhali gajere ne kuma ba ya bugarwa sosai. Yadda yake yin fure suke so. Shi wannan da ake kira ruderalis, wanda wani masanin tsirrai dan Rasha ya bayyana a 1924, kwanakinsa kawai yake kirgawa ya yi fure, ba ruwansa da tsawon rana, don lokacin zafi a can gajere ne, in ya tsaya jira sanyi ya kashe shi.

Ka duba dawarmu ta gida a nan Garwa, ko ka riga kowa shuka sai karshen damina take fidda kai, to irin wannan jiran ne masu hada iri suke son cirewa in sun auratar da ruderalis da wani irin wiwi. Amma fa a Kamaru doka ta hana nomansa, jandarma ba su san zancen bincike ba.