Amsa kan barewar da ke shigowa lambun gida a jihar Bajiniya ta Amurka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari saƙonka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce barewa uku suna shigowa bayan gidan da kuka kama haya a Fairfax, sun cinye muku tumatir da kuɓewa, kana tambaya ko za ka ɗana tarko ko ka aro bindiga a samu na miya. Don Allah kada ka taɓa su tukuna, ka ji ni har ƙarshe.

Barewar nan ko a ƙofar ɗakinka ta kwana, ba taka ba ce. A hannun jiha take, kuma a nan Bajiniya hukumar namun daji da ake kira DWR ce ke da iko a kanta. Tarko dai ka cire shi a ranka, doka ta hana. Haka haska mata fitila da dare, haka zuba masara don ta matso ka harba. Lokacin farauta ma daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Bindiga kuwa a cikin unguwa, inda yara ke wasa a bayan shinge, maƙwabta za su kira 'yan sanda kafin ka sauke ta daga kafaɗa. Kai da takardunka na zama a ƙasar nan ba su gama daidaita ba, shari'ar makami ta shiga fayil ɗinka? Wallahi shi ya sa hankalina ya tashi da na ji muryarka.

To amma akwai hanya, ni ma ita na bi. Kwari da baka ake amfani da su a cikin gari. Za ka fara yin kwas na mafarauta, sannan ka yanki lasisin farauta, da na barewa, da na baka. Jiha ta ware wa garuruwa irin namu lokaci na musamman, daga farkon Satumba zuwa farkon Oktoba, sai kuma daga Janairu zuwa ƙarshen Maris, kuma a wannan lokacin marasa ƙaho kawai ake harbi, galibinsu mata. Dalili, matan ne ke haihuwa, sun yi yawa, suna faɗa wa motoci musamman a Nuwamba lokacin barbara, ga kaskar da ke jikinsu mai kawo cutar Lyme.

Fili shi ne babbar magana. Gidan haya kake, sai mai gida ya yarda, ƙungiyar masu gidajen unguwa ma tana iya hanawa. Ni a filin wani dattijo nake yi, na karɓi izininsa a rubuce, takardar tana aljihuna kullum. Kujera nake ɗaurewa a saman bishiya, don in na saki kibiya ƙasa take nufa, ba tagar wani ba. Ranar da na fara samun barewa, ta ruga da kibiyar a jiki ta tsallaka filin maƙwabcinsa. Ina ganin jini a kan busassun ganye, amma ban isa in taka filin ba. Sai da na ajiye baka, na je na buga ƙofa na roƙi matar gidan, ta ɗauko tocila ta raka ni har gindin bishiyar da ta faɗi.

Malaminmu ya tambayi halaccin cin naman. Bismillah nake yi lokacin sakin kibiya, in na tarar da sauran rai a jikinta in yanka nan take. Daga nan dole ka sanar da hukuma ta waya ko intanet, su ba ka lamba. Naman kuma ba a sayarwa, sai dai ka ci ko ka ba da kyauta.

A yanzu dai ka kewaye lambun da raga mai tsayin ƙafa 8, gajeren shinge tsallakewa suke yi. Ranar Asabar bayan Azahar ka zo gida in nuna maka yadda ake rajistar kwas ɗin, akwai sauran nama a firiza Hajiya za ta yi mana farfesu. A gaida iyali.