Rasor da buhu ashirin

Kai yaro, ka ce a takardar lekol ta ƙanenka an danne rasor, wato ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo irin na ƙarƙashin mota, santimita 10, ya tara kuzari jul 250, ana neman taurinsa da ƙarfin da yake turowa. Wannan ma har sai an zo wurina? Ninka jul ɗin biyu, 500. Raba da 0.1, wato dannewar a mita, ka samu ƙarfin turowar, niwton dubu 5, nauyin kilo 500 da 'yar ɗoriya. Sake rabawa da 0.1, taurin ke nan, niwton dubu 50 a kowace mita. Ana ninkawa ne don turowar rasor daga sifili take farawa, sai a ƙarshe yake kai cikakken ƙarfinsa. Wani Bature ɗan Ingila, Hooke, ya wallafa dokar rasor tun 1678, ku kuna nan kuna shafa waya. Mayar da santimita mita kuwa, in ba ka iya ba, tafi Kasuwar Dole ka yi dako.

Abin da takarda ba za ta sa ka ji a jikinka ba shi ne, in dannewa ta ninka biyu, abin da rasor ya haɗiye ya ninka huɗu. Ni da kuɗina na koye shi.

Wani Alhaji ya kawo mini Hilux, ya yi ta rantsuwa buhun gero 10 kaɗai yake lodawa. Na aza nauyi, na auna da mita, na haɗa masa falle-falle daidai kayansa. Ashe a tasha buhu 20 ya jibga, ga awaki, ga mutane a bisa suna reto da ƙafa. Kafin Tanut motar ta faɗa rami, babban fallen ya karye ɓas. Da aka kawo shi na duba bakin karayar, fari tas, ba tsatsa, ba tsohon tsagi, ƙarfe lafiyayye. Karen motarsa ma ya raɗa mini gaskiya, amma gaban dattawa ya yi gum, tsoron bakin tuwonsa. Aka ce in yi haƙuri, wai Alhaji babba ne. Jaka 85 na ƙirga masa, kuɗin ragon sunan ɗana. Har yau in mun haɗu a Birni shi ke fara miƙo hannu, ko kunya.

Tashi ka ɗauko kile 17, kuma kar in sake ganin ka ɗaure rasor da igiya.