Yaushe ya fi dacewa a je kallon tsuntsaye a tafkin Nguru?

Malam, ka tambayi lokacin zuwa tafkin Nguru, da ko ana zagaya shi da ƙafa. Ka bari sai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin ne tsuntsayen Turai ke sauka, ambaliyar kogin Haɗejiya kuma ta janye, bakin fadama ya taku.

Amma da ƙafa kaɗan za ka gani. Ka nemi mai kwalekwale ɗan gari da sassafe, domin ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, shi ya san inda ake bi. Ciyawar nan tana damuna ƙwarai, ga wuri mai daraja da ke cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya, tun 2000.

In da hali ka ƙarasa Dagona, gandun kare tsuntsayen ruwa a ƙasar Bade, amma ka nemi izinin ma'aikatan gandun kafin ka shiga.