Tambaya da Amsa: Yaya Na'urar Geiger Take Jin Abin da Ido Ba Ya Gani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar kimiyya ce a Gusau. An nuna mana na'urar Geiger tana yin ƙas-ƙas idan aka kai ta kusa da abu mai fitar da radiyashon. Ta yaya ƙwayar radiyashon ɗaya tak take sa na'ura yin ƙara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Ƙwayar ita kaɗai ba ta da wannan ƙarfin, domin iyakar aikinta shi ne ta ɓalle 'yan ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, daga jikin ƙwayoyin zarra na iskar gas da aka rufe a cikin bututun na'urar. Sauran aikin na wutar lantarki ne.

A tsakiyar bututun akwai siririyar waya mai ɗauke da ɗaruruwan bolt, kuma ita ce take janyo ilektaron ɗin. Yayin da ya kusanci wayar, gudunsa yana ƙaruwa har ya kai ga idan ya bugi wata ƙwayar zarra sai ya ɓalle mata nata ilektaron, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Ki lissafa da kanki, za ki ga ninki 20 kacal ya haura miliyan 1. Wannan ambaliya ta ilektaron ce take zama bugun lantarkin da lasifika take mayarwa ƙara. John Townsend ne ya yi nazarinta a Ingila wajen 1900, sannan Hans Geiger da Walther Müller suka ƙera bututun a Jamus a 1928.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, a bututun Geiger ambaliyar tana yaɗuwa ta mamaye tsawon wayar duka, don haka kowane bugu girmansa ɗaya ne, ko ƙwayar mai ƙarfi ce ko marar ƙarfi. Na'urar tana ƙidaya, amma ba ta auna ƙarfi. Idan aka rage wutar, ambaliyar takan tsaya wuri ɗaya, girmanta ya dace da yawan ilektaron na farko, kuma a kan haka Georges Charpak ya gina na'urarsa mai wayoyi da yawa a 1968, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1992.

Tunda daga Zamfara kika rubuto, ki sanar da masu haƙar zinare cewa na'urar Geiger ba ta gano gubar dalma irin wadda ta hallaka yara a 2010. Gwajin jini ne yake nuna ta a jikin mutum.