Amsar Baffa game da damsisar Iya

Zainabu 'yata, saƙonki ya iso ni lafiya. Kin ce me ya sa Iya, Allah ya jiƙanta, ba ta rabuwa da ƙullin busasshen ganyen nan a rataye a bayan ƙofa, kuma ko shi ne tazargaden da 'yan uwanmu na Najeriya ke faɗa. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don yaran yanzu ba su cika tambaya ba.

Ba tazargade ba ne. Damsisa ce. Dangi ɗaya suke dai, su da shuwaka da latas da furen nan mai bin rana da ake tatsar mai daga ƙwayarsa, kuma malaman tsirrai suna ce mata Ambrosia maritima. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu a nan Sudan, sun zo da sanin cewa ɗaci magani ne. A gidanmu, abin da shuwaka ke yi a can, damsisa ta gaje shi, kuma daga maƙwabta Larabawa aka koye ta, har sunan.

Idan kin je gida ki sauka bakin kogi bayan ruwa ya janye, wajajen Oktoba. Za ki gan ta a laka, tsayinta daga gwiwa zuwa ƙugu, ganyenta a tsattsage, toka-toka, da gashi mai laushi kamar na sabon ɗan tsako. Murza shi a tafin hannu, ƙanshin zai bi ki har gida. Kada ki nemi fure mai kyau, ba ta da shi. 'Yan ƙulla ne kore-kore, mazan a saman zangarniya, matan a ƙasa, iska ce ke yi musu barbara.

Iya takan yanke ta idan ta fara fure, ta shanya a inuwa, ba a rana ba, don rana na kashe ƙanshin. Ba ta taɓa yanke gindi duka. Sai ta bar wasu su yi iri, ta karkaɗe a ƙwarya, ta watsa a damshin gefen randa. Damsisa ba ta son komai sai laima. Ciwon ciki, ko fitsari mai zafi, sai ta tsunko da yatsu uku ta jefa a tafasasshen ruwa. Ina tuna yadda take riƙe min hanci, ina haɗiya ina hawaye.

Abin da ya ƙara min girmama damsisa, a yankin Jazira na gan shi, lokacin da nake aikin ban ruwa. Ganyen damsisa idan ya jiƙu a ruwa yana kashe katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Masana a Masar sun daɗe suna gwada hakan a magudanai.

Abu guda nake roƙonki. Na ji kina son kai wa surukarki saboda sukari. Kada ta ajiye maganin likita dominta, kada kuma ta mai da ita shayin kullum, domin abin da ke kashe katantanwa ba abin wasa ba ne. Mai ciki kam, Iya ba ta taɓa ba ta ko kurɓi ɗaya.

Akwai sauran irin Iya a kwalba wajen gwaggonki. Idan an samu mai zuwa Gadarif zan aiko miki. Ki gaida maigidanki da yara.